Don Allah a ba ni shawara: in gyara Camry ɗina ko in koma V6?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar nan ta hana ni barci. Ina da Camry Muscle 2008 mai filogi huɗu, 'yar Kwatano, da kuɗin gadon mahaifinmu na saye ta, Allah Ya jiƙansa, shi ya sa nake jin nauyin rabuwa da ita. Yayana a lokacin fili ya so in saya a Rijiyar Zaki, har yau in mun haɗu a gida sai ya tayar da zancen. To yanzu ta fara shan baƙin mai, kafin lokacin juye ya yi sai na ƙara, da safe kuma tana ɗan hayaƙi. Abokin aikina zai sayar da tasa, irin tawa ce sak amma V6, wato mai filogi shida. Ranar Asabar muka hau titin Zariya, muna wuce Kwanar Dawaki na taka ta, wallahi kafin in ankara allura ta haura 140, ko gurnani babu. Na ba shi kafin alƙalami, ya ce zuwa Juma'a in cika ko ya ba wani. Me kuka gani?

Oga Na Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam. Alhaji, abin da ka yi a titin Zariya ba gwaji ba ne. Injin da ya kusa bugawa ma zai yi gudu a miƙaƙƙen titi. A takarda, V6 ɗin nan lita 3.5 ne, ƙarfin doki 268, naka lita 2.4, doki 158. Amma wannan lissafin sabon inji ne daga kamfani. Ka kai ta a ɗumama injin, a cire filogi a auna matsin kowace silinda, in ɗaya ta yi ƙasa da sauran sosai ka bar masa kayarsa. A jona mata kwamfuta kuma. Sannan ka duba tiyon baƙin mai na VVT-i, wato na'urar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul ɗin inji, na farkon nan akwai roba a jikinsa, yana fashewa ya tsiyaye mai kana cikin tafiya. In ba a sauya shi da na ƙarfe ba, akwai magana.

Maman Hanan: Malam, ba ka faɗa mana ina kake zuwa kullum ba. Mu maigida V6 ya saya, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tana ajiye a gida an rufe ta da tamfol. Ni da yara kullum muna cikin adaidaita sahu, in na yi magana ya ce ban san mota ba. Ranar bikin ƙanwata ma haka muka je.

Baban Khalifa: Hajiya, daga Kurna zuwa Bompai ne, amma ina zuwa Kaduna wani lokacin. Kuma mai motar ya ce min shan manta kusan ɗaya da tawa.

Oga Na Ƙofar Ruwa: Mai sayarwa ai dole ya ce haka. A buɗaɗɗiyar hanya za su iya kusantar juna, tunda V6 giya shida gare ta, taka biyar. Amma cunkoson Kurna da rana, ga esi a kunne, silinda shida na cin mai kana tsaye? Doki 268 ɗin a ina za ka sake su, a bayan adaidaita? Juye kaɗai lita 6 da ɗoriya take sha, taka 4 da kaɗan. Filogi ukun baya kuwa sai an ɗaga manifol, wato bututun da ke kai iska cikin inji, kafin hannu ya kai. Ciwon motarka sananne ne a wannan injin, ringin fistan ne. A sauke shi a sa ringi mai kyau, shi ke nan.

Direban Abuja: Ni ban yarda a buɗe inji ba. Wani bakanike ya buɗe min nawa, ya karɓi kuɗin kaya na asali ya sa min jabu, ban rufa wata ba ta fara tafasa a Jaji, da fasinja cike. Gara ya ɗora injin Beljiyam gaba ɗaya. Kuma V6 ba ta wahala in za ka wuce tirela, wannan ma tsaron rai ne.

Oga Na Ƙofar Ruwa: Injin Beljiyam ɗin wa ya ga cikinsa? Irin ciwon nan zai iya zuwa da shi. Don an cuce ka ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Ɗan Hotoro: Ka sayar da ita ka nemi Corolla kawai, ka huta.

Baban Khalifa: Na gode duka. Amma Oga, mutumin nan na san shi, masallaci ɗaya muke salla a wurin aiki, ba zai rufe ni ba. In na ce sai an auna masa inji zai ga kamar ban yarda da shi ba. Kuma ku ba ku ji yadda take tashi ba.

Maman Hanan: To ai ka riga ka yanke, Malam. Uwargida ta san da maganar?

Oga Na Ƙofar Ruwa: Nawa ka ba shi kafin alƙalamin? Kuma kilomita nawa ta ci?

Baban Khalifa: Mitar ban duba ba, zan tambaye shi gobe in Allah Ya kai mu. Amma akwai wanda ya san nawa ake mayar da V6 ta koma amfani da gas a nan Kano?