Shirley Chisholm: takarar 1972 ce gadonta, ko aikin da ta yi a majalisa?

Ɗalibar Tarihi:

Assalamu alaikum. Ina rubuta takardar nazari a kan Shirley Chisholm, baƙar mace ta farko da aka zaɓa zuwa Majalisar Wakilan Amurka, a shekarar 1968. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kusan duk inda aka ambace ta, maganar takararta ta neman shugabancin ƙasa a 1972 ake kawowa, alhali kuwa ko tikitin jam'iyyarta ba ta samu ba. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da daftarin farko, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin sakin layin da na cika shi da yabo, ya rubuta tambaya guda a gefe: wace doka ta kawo? Na yi shiru, domin ba ni da amsa. Ina roƙon masana da ke wannan zaure su haska mini, shin wannan mata ta tsinana wani abu a shekaru 14 da ta yi a majalisa, ko kuwa kasancewarta ta farko ce kawai ta ɗaga sunanta?

Tsohon Malami:

Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki ya yi miki gata, kuma amsar tambayarsa tana farawa ne tun kafin ta je Washington. An haife ta a Brooklyn, cikin birnin New York, ranar 30 ga Nuwamba 1924. Mahaifinta ma'aikacin masana'anta ne, mahaifiyarta kuma 'yar tsibirin Barbados ce mai ɗinki da aikatau a gidajen mutane. Da rayuwa ta yi wa iyayen tsanani, sai suka kai ta wurin kakarta a Barbados, inda ta yi karatun farko kafin ta dawo a 1934. Ta gama Kwalejin Brooklyn a 1946, ta ƙaro digiri na biyu a Jami'ar Columbia kan tarbiyyar ƙananan yara, ta yi shekaru tana koyarwa da shugabantar gidajen renon yara.

Na kawo wannan ne domin ki ga inda dokokinta suka samo tushe. Da ta shiga majalisar dokokin jihar New York a 1965, abin da ta sa a gaba shi ne a shigar da masu aikatau cikin tsarin tallafin da ake biyan wanda ya rasa aiki, kuma ta yi nasara. Waɗannan mata ne da suke shara da wanki da reno a gidajen masu hali, mafi yawansu baƙaƙe, waɗanda dokokin ƙwadago na shekarun 1930 suka tsallake su, ta yadda idan uwar gida ta sallami mace da safe, da yamma ba ta da inda za ta kai kuka. Ta kuma tsaya wa shirin SEEK, wanda ya buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofar jami'a tare da ba su darussan cike giɓi. A majalisar tarayya ma wannan layin ta bi, har aka kai ga gyaran dokar 1974 da ya sanya masu aikatau cikin waɗanda dole a biya su mafi ƙarancin albashi. Tana kuma cikin waɗanda suka yi ruwa suka yi tsaki wajen faɗaɗa tallafin abinci ga mata masu juna biyu da jarirai. Ki fara da waɗannan, jan biron zai ragu.

Mai Bibiyar Majalisu:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina so in ƙara abin da masu yabo ba su cika son a taɓo ba. Takenta na kamfe, wanda ma'anarsa ita ce ba a saye ta ba kuma ba ta da ubangida, ya sa mutane suna ɗaukarta a matsayin wadda ba ta taɓa zama teburin ciniki ba. Tarihinta bai nuna haka ba.

Gaskiya ne ta shigo da ƙarfinta. A 1969 shugabannin jam'iyyar Dimokurat suka tura ta kwamitin noma, ɓangaren gandun daji da raya karkara, ita da take wakiltar Bedford-Stuyvesant, unguwa mai cunkoso a tsakiyar birni. A taron 'yan jam'iyya ta yi ta miƙewa ana kau da kai ana kiran wasu, har ta gaji ta taka zuwa gaban zauren ta tsaya cak, sai da aka ba ta damar magana. Aka mayar da ita kwamitin tsoffin sojoji. Jawabinta na farko a zauren kuwa suka ne ga yaƙin Biyetnam, inda ta ce ba za ta goyi bayan ƙarin kuɗin soja ba alhali ana tauye na yara da talakawa.

To amma da aka zo zaɓen shugaban masu rinjaye, sai ta mara wa Hale Boggs baya, farar fata daga jihar Louisiana da ke Kudu. Bayan haka ta samu kujera a kwamitin ilimi da ƙwadago, wurin da take nema tun farko, kuma daga can ne ta iya yi wa masu aikatau aikin da Malam ya ambata. Wasu sun kira abin cin amana. Ni a ganina lissafi ne na wadda ta gane cewa ba a yin doka da ƙuri'a ɗaya. Haka kuma da aka harbi George Wallace a watan Mayun 1972, gwamnan Alabama da ya yi ƙaurin suna wajen kare wariyar launin fata, ta je ta duba shi a asibiti, magoya bayanta suka yi mata ca. Kamar yadda ake ruwaitowa, shi ne daga baya ya taimaka wajen shawo kan wasu 'yan majalisar Kudu a kan batun albashin. A 1977 ta shiga kwamitin da ke tsara yadda ƙudurori ke isa zaure, kuma ba a kai ɗan tawaye zalla wannan wuri.

Malama Mai Nazari:

Ƙanwata, kada gyaran malaminki ya sa ki yi watsi da 1972 gaba ɗaya. Ta ƙaddamar da takarar ne ranar 25 ga Janairu a wata majami'a a Brooklyn, da kuɗi kaɗan da 'yan sa-kai, ta kuma samu ƙuri'un wakilai 152 a babban taron jam'iyya a Miami Beach, inda George McGovern ya ɗauki tuta, shi ma shugaban ƙasa Richard Nixon ya kayar da shi a jihohi 49 a babban zaɓe. Abin dubawa a nan shi ne waɗanda suka juya mata baya. Tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar baƙaƙen 'yan majalisa a 1971, amma yawancin mazan ƙungiyar ba su bi ta ba, wasu fitattun masu fafutukar 'yancin mata kuma suka koma wa McGovern da hujjar cewa shi ne mai yiwuwar ci. Ita da kanta ta sha faɗin cewa tsangwamar da ta gani don tana mace ta fi wadda ta gani don tana baƙa. Ko a 1968, abokin karawarta James Farmer, wanda ya yi suna a gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe, kamfe ɗinsa ya karkata ne ga cewa mazaɓar namiji take buƙata, sai ta bi matan unguwa gida gida, ta yi wa 'yan asalin Puerto Rico magana da Sifaniyanci, ta doke shi. Daga cikin ɗaliban da suka yi mata aiki a 1972 akwai Barbara Lee, wadda daga baya ta daɗe tana wakiltar yankin Oakland a majalisar.

Ɗalibar Tarihi:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura tambaya ɗaya: kayar da ita aka yi, ko ita ta sauka?

Tsohon Malami:

Ita ta sauka, 'yata. Ta ci zaɓe sau 7, ta bar majalisa a farkon 1983, a lokacin da gwamnatin Ronald Reagan ke zaftare kuɗin shirye-shiryen da ta yi wa hidima, ga kuma mijinta Arthur Hardwick da ya samu munanan raunuka a haɗarin mota yana buƙatar kulawa. Ta koma koyarwa a Kwalejin Mount Holyoke. Bill Clinton ya zaɓe ta jakadiya zuwa Jamaika a 1993, rashin lafiya ya sa ta janye. Ta rasu a Florida ranar 1 ga Janairu 2005, kuma Barack Obama ya ba ta lambar girmamawa mafi girma ta farar hula a 2015. Idan za ki sake daftarin, ina ba ki shawara ki ɗora shi a kan dokar 1974, ki bi ta baya zuwa majalisar jiha, sannan ki sa batun Boggs da Wallace a tsakiya, domin nan ne malaminki zai fi matsa miki da tambaya.