Koya wa ɗaliban jami'a tsara hidimar gwamnati bisa buƙatar masu amfani da ita: me kuka gani a azuzuwanku?

Malami a sashen kimiyyar kwamfuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Shekara ta uku ke nan ina koya wa 'yan aji huɗu yadda ake tsara hidimar gwamnati ta dace da mutumin da aka yi ta dominsa, kuma ina roƙon duk wanda ya taɓa wannan darasi, ko a matsayin malami ko ɗalibi, ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

A shekarar farko na fara musu da tarihi. Na bayyana yadda gwamnatin Birtaniya ta kafa sashen hidimar dijital a 2011, ta buɗe shafin intanet na GOV.UK a 2012 domin a tattara bayanan ma'aikatu a wuri guda, da yadda ƙa'idarsu ta farko ta ce a fara da buƙatar mai amfani. Ɗaliban sun haddace, sun kuma zuba mini shi a jarrabawa ba gyara, amma da lokacin aikin zango ya zo, kowane rukuni ya kawo manhaja mai kyan gani wadda ba a tambayi ko mutum ɗaya ba kafin a gina ta. Saboda haka a shekara ta biyu na hana su taɓa kwamfuta har tsawon mako huɗu, na tura su ɗakin kati na wani asibitin gwamnati tun bayan sallar asuba, kowa da littafi da biro, aikinsu kallo da saurare kawai. Wata ɗaliba ta dawo da abin da ya canza mini darasin gaba ɗaya: ta lura cewa yawancin tsofaffin da ke kan benci ba su ne ke miƙa kati ba, jika ne ko ɗa ke shiga layi, shi ne kuma ke amsa tambayar ma'aikaci. Tun daga ranar nake fara aji da tambayar ko wane ne mai amfani, mai ciwon ko ɗan rakiyarsa.

Malama a sashen nazarin harkokin mulki:

Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ɗalibarka ta gano shi ne muka ci karo da shi a wajen cike fom, kuma ina ganin nan ne matsalar ta fi zurfi. Na raba wa ɗalibaina wani fom na neman tallafi, na ce kowa ya kai wa babban mutum a gidansu, ya zauna kusa da shi, kada ya taimaka masa ko da kalma ɗaya. Gurbin sunan iyali ne ya fara tsayar da mutane, domin wani ya sa sunan mahaifinsa, wani na kakansa, wani kuma sunan garinsu, alhali a katinsa na banki wani tsarin ne daban. Gurbin adireshi yana neman lambar gida da sunan titi, mutumin kuwa abin da ya sani shi ne gidansa na bayan masallacin Juma'a, kusa da injin niƙa. Wata uwa da aka tambaye ta lambar waya sai ta ba da ta maigidanta, wanda ke kasuwa tun safe, ma'ana saƙon tabbatarwa zai isa hannun da ba ya wurin. Akwai kuma dattijon da ya ajiye fom ɗin ya ce shi bai yi boko ba, amma da jikansa ya rubuta masa tambayoyin da ajami sai ya karanta su tsaf.

Ina haɗa wannan da SERVICOM, wanda aka kafa a 2004 a zamanin Shugaba Obasanjo domin ma'aikatu su rubuta alkawarin hidimar da za su yi wa jama'a. Nakan sa ɗalibai su ɗauki irin wannan alkawari, su bi sawun mutum ɗaya daga ƙofar gidansa har ya samu abin da ya fito nema, suna rubuta kuɗin mota, da kuɗin hoto, da abin da ya biya mai shagon kwamfuta, da yinin da ya rasa a sana'arsa.

Tsohon ɗalibi, yanzu mai gina manhaja:

Malamai, da izininku zan faɗi yadda abin yake daga ɓangarenmu. Lokacin da aka tura mu gwaji da zanen manhaja a kan takarda mun ji kamar an rage mana daraja, domin mu lambobin kwamfuta muka zo koya. Malaminmu ya ce mutum biyar sun isa zagaye ɗaya, bisa abin da Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya bayyana a 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan fito da mafi yawan matsalolin amfani. Na uku da muka gwada, wani mai sayar da kayan miya, ya ciro ƙaramar wayarsa mai madannai ya tambaye mu ta ina zai shiga, sai muka yi tsit, domin duk zanenmu na babbar waya ne mai data. A daren muka sake shi zuwa lambar da ake dannawa da tauraro. Koken da nake da shi ɗaya ne: an ba da mafi yawan maki ga manhajar da aka nuna a ƙarshe, saboda haka rukunin da ya watsar da tunaninsa na farko bayan gwaji ya sami ƙasa da wanda bai canza komai ba.

Malamin da ya buɗe zancen:

Wannan koke gaskiya ne, kuma ni ma na yi wannan kuskure. Yanzu rabin makin yana kan littafin fili da hujjar abin da aka canza bayan gwaji. Malama, ina so in ji yadda kike yi da batun izinin mutanen da ɗalibai ke ɗaukar bayanansu, tun da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ƙara nauyin da ke kanmu, kuma na taɓa kama ɗalibi ya ɗauki hoton katin mara lafiya da suna a jiki, na sa ya goge a gabana.

Ma'aikaciya a wani ofishin gwamnati:

Ni ba malama ba ce, amma sau biyu ana turo mana ɗalibai, kuma ina roƙon malamai su riƙa sa su zauna a bayan kanta kamar yadda suke zama a kan benci. Rukunin farko sun rubuta cewa muna ɓata wa jama'a lokaci da rubutu a babban rajista, ba su tambaye mu dalili ba, alhali muna yin haka ne saboda idan wuta ta ɗauke ko intanet ta yanke, rajistar ce kaɗai ke nuna wanda ya zo da abin da ya kawo. Rukuni na biyu sun yini tare da mu, sun ga sau nawa muke maimaita wa mutane jerin takardun da ake buƙata, suka rubuta shi da Hausa a kan kwali, da boko da ajami, aka manna a bakin ƙofa, kuma har yau yana nan. Idan za ku turo su, ku aiko da takarda daga shugaban sashe mako biyu kafin zuwansu, kuma ku bari su zo ranar Litinin, domin ita ce ranar da layi ke kaiwa har waje.