Kakanmu ya fito sau biyu a manhajar salsalar zuri'a, ya zan haɗe su?

Salam jama'a, don Allah a taimaka. Ina tattara salsalar gidanmu a kwamfuta, kuma babana da mamata auren zumunci ne, iyayensu maza wa da ƙane ne uba ɗaya. To ɗan uwana ya turo min fayil ɗin GEDCOM (irin fayil ɗin da manhajojin salsala ke musayar bayanai da shi) na dangin uwa na zuba a kan nawa, yanzu wannan kakan namu na sama ya fito sau biyu, ɗaya an rubuta Muhammadu ɗaya Mamman, kowanne da lambarsa daban.

Na gwada neman masu kama da juna, sai aka jero min mutane birjik saboda a gidanmu kusan kowane ɗaki akwai mai sunan kaka, kuma tsofaffin ba mu da shekarar haihuwarsu balle a bambance. Na haɗe biyun da hannu, sai matarsa ta zama biyu, 'ya'yan suka rabu wasu nan wasu can, dole na dawo da bakof (kwafin da na ajiye tun farko), wallahi abin ya isheni.

Wa ake fara haɗewa, shi ko matar ko auren, don ya zama mutum ɗaya da rassan biyu ke komawa kansa ba tare da 'ya'yan sun watse ba?