Su waye 'yan wasan da suka fi kowa a tarihin Kansas City Chiefs? A taimaka min da mutum biyar

SabonMaiKallo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dai ban daɗe da fara kallon ƙwallon Amurka ba, a Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin gasar NFL ta Amurka, na Fabrairun 2020 na shigo, wanda Chiefs suka doke San Francisco 49ers da maki 31 da 20. Abin da ya kama ni a ranar shi ne lokacin da ake binsu 20 da 10, saura minti bakwai da 'yan kai a tashi, suna neman yadi 15 a yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba kulob, Patrick Mahomes mai jefa musu ƙwallo ya yi ta ja da baya ja da baya har na ce shi ke nan an kama shi, sai kawai ya wurga ƙwallo sama Tyreek Hill ya cafe, yadi 44. Tun daga ranar ban sake barin wasansu ya wuce ni ba.

To matsalar ita ce jiya muna gardama da wani abokina ya ce wai ni ba Chiefs nake so ba, Mahomes da Kelce nake so, kuma in an ce in kira mutum biyar da suka fi kowa a tarihin kulob ɗin ba zan iya ba. Gaskiya abin ya tsaya min a rai don ya faɗi gaskiya. Shi ya sa na zo wajen manya. Su waye biyar ɗinku, kuma me ya sa? Sannan tsakanin Travis Kelce da Tony Gonzalez wa ke gaba, don kullum sai na ji ana haɗa su.

Dattijo58:

Wa alaikumus salam ɗana. Abokinka ya kyauta maka da ya tsokane ka, don kulob ɗin nan ba a 2018 aka haife shi ba. Lamar Hunt ne ya kafa shi a 1960 da sunan Dallas Texans, sai a 1963 ya maido shi Kansas City. Kuma tsakanin kofinsu na Janairun 1970 da wanda ka kalla shekara 50 ne cur babu komai, mu da muka fara kallo a cikin wannan farin mun san mutanen da suka riƙe mu ba mu gudu ba.

Na farko a wajena Derrick Thomas, mai lamba 58. Aikinsa ɗaya ne, ya zagaye katangar abokan hamayya ya kayar da kwatabak, wato mai jagorantar kai hari, kafin ya jefa ƙwallo, kuma ban taɓa ganin wanda yake tashi da sauri kamarsa ba, kafin ƙaton da aka sa ya tare shi ya gama ɗaga kai shi har ya kai kafaɗarsa. Ranar 11 ga Nuwamba 1990 a filin Arrowhead ya kayar da Dave Krieg, kwatabak ɗin Seattle Seahawks, sau bakwai a wasa ɗaya, har yau babu wanda ya kamo wannan. Ranar tunawa da tsofaffin sojojin Amurka ce, shi kuma mahaifinsa matuƙin jirgin yaƙi ne da aka harbo a Vietnam yana ɗan shekara biyar, to ka ga abin da ke cin zuciyarsa ranar. Amma abin da ba ya fita a raina shi ne yunƙurin ƙarshe na wasan, Thomas ya sake zagayowa, hannunsa ya riga ya sauka a jikin Krieg, na takwas ke nan, sai mutumin ya murɗe ya zame ya jefa ƙwallo cikin gida Paul Skansi ya kama, Seattle suka ci 17 da 16. Sau bakwai ka kayar da mutum kuma a ci ku. Wallahi wannan wasan shi ne hoton Chiefs na waɗannan shekarun gaba ɗaya, gwanaye ga su nan amma kofi ya ƙi. Ya gama da kayarwa 126.5, ya yi haɗarin mota a kan hanya mai ƙanƙara a Janairun 2000, ya rasu a Fabrairu yana da shekara 33.

Sai Christian Okoye, na san ba zai shiga biyar ɗin mutane da yawa ba amma dole ka san shi. Haifaffen Enugu ne, jifan faifai ne ya kai shi jami'ar Azusa Pacific a California, bai fara wannan wasan ba sai da ya haura shekara 20. Chiefs suka ɗauke shi a 1987, a 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo a duk NFL da yadi 1,480. Mutum mai kilo sama da 110 yana tahowa da gudun 'yan tsere, masu tsaron baya sai ka ga suna lissafi kafin su tare shi. Gwiwa ce ta ci amanarsa, kakar 1992 ce ta ƙarshe.

JanRiga15:

Baba Dattijo da girmanka, na yarda da duk abin da ka faɗa a kan Thomas amma lamba ɗaya ba ta da gardama, Mahomes ne, kuma ba don mu yaran yanzu ba ne muke faɗa. An ɗauko shi daga jami'ar Texas Tech a 2017, shi ne na 10 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, ya zauna benci shekara guda yana koyo a bayan Alex Smith, kakarsa ta farko a matsayin mai farawa 2018 ya jefa yadi 5,097 da tocdawun 50, wato kai ƙwallo cikin gidan abokan hamayya, ya zama gwarzon NFL, ya sake zama gwarzo a 2022 bayan an sayar da Tyreek Hill ga Miami kowa na cewa ai yanzu asirinsa zai tonu, sai ya jefa yadi 5,250. Kofi uku, 2020 da 2023 da 2024, kuma duk ukun shi aka ba gwarzon wasan ƙarshe, kuma duk ukun sai da aka bi su da tazarar maki 10 kafin ya juya wasan. Na 2023 da Philadelphia Eagles ma da ciwon idon sawu ya buga, yana ɗingishi ya tafi hutun rabin lokaci, amma dab da tashi ya zura da gudu yadi 26 da wannan ƙafar har Butker mai buga musu ƙwallo da ƙafa ya samu ya buga ta ƙarshe 38 da 35.

Maganar Kelce da Gonzalez kuwa ni Kelce na ɗauka. Shekara bakwai a jere daga 2016 zuwa 2022 yana haura yadi 1,000, babu wani mai buga gurbinsa na tight end, wato mai tare abokan hamayya kuma mai kama ƙwallo kamar Gonzalez, da ya taɓa yi, a 2020 ya yi 1,416. A 2023 ya wuce Gonzalez a yawan yadin kama ƙwallo na kulob ɗin, a Janairun 2024 kuma ya wuce Jerry Rice a yawan kama ƙwallo a wasannin sili ɗaya ƙwale. Ɗan'uwa SabonMaiKallo in ba ka manta wasan Buffalo Bills na Janairun 2022 ba, saura daƙiƙa 13 ana binsu da maki uku, jifa ɗaya ga Hill, jifa ɗaya ga Kelce wanda ya hango gurbi a tsakiya ya kutsa, Butker ya farke daga yadi 49, a ƙarin lokaci Kelce ya kama ta ƙarshe a lungu yana jan ƙafafunsa biyu a cikin layi, 42 da 36. Gonzalez shekara 12 ya yi a Kansas City bai ci wasan sili ɗaya ƙwale ko ɗaya ba, sai da ya koma Atlanta. To ni a nan na tsaya.

Biyar ɗina Mahomes, Kelce, Thomas, Gonzalez, Len Dawson.

UwarKatanga:

Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da ke damuna da irin wannan jerin shi ne kullum masu taɓa ƙwallo ake kira, kamar su kaɗai ne a fili. Ƙanina JanRiga ka kawo kofi uku amma ka tsallake Fabrairun 2021, ranar da Tampa Bay suka yi musu 31 da 9 ko tocdawun ɗaya ba su ci ba. Mahomes ɗin nan dai shi ne, Kelce da Hill duk suna fili, abin da ya canza kawai shi ne Eric Fisher da Mitchell Schwartz masu tsare masa gefe biyu duk suna jinya, ya wuni yana gudun ceton rai, akwai jifar da ya yi jikinsa na kwance a iska dab da ƙasa kuma ƙwallon ta doki hular ɗan wasansa ta faɗi. Haka Eagles suka sake yi musu a 2025, 40 da 22, da mutum huɗu kacal suke taso masa kuma katangar ta kasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don haka ni sai na sa Will Shields. Daga 1993 zuwa 2006 yana tsakiyar katangar gaba, wasa 224 bai taɓa fashin ko ɗaya ba, a gurbin da kowane yunƙuri karo ne da ƙato irinka, sau 12 ana zaɓensa Pro Bowl, wasan zaratan shekara. Lokacin da Priest Holmes ya ci tocdawun 27 da gudu a 2003 kowa Holmes yake yabo, to ku koma ku kalli bidiyon ku ga wa ke buɗe masa hanya, Shields ne da Willie Roaf da Brian Waters. A na yanzu kuma Chris Jones, ba don shi ba da kofunan nan ba su kai uku ba, a 2018 sai da ya yi wasa 11 a jere yana kayar da kwatabak, kuma daga tsakiya yake fasowa inda mutum biyu ke tare shi.

Sannan kada a manta kofin farko masu tsaron baya ne suka ɗauko shi. An ba kwatabak ɗinsu Dawson gwarzon wasan da suka doke Minnesota Vikings 23 da 7, ya cancanta, amma Willie Lanier da Bobby Bell da Buck Buchanan su suka hana Vikings numfashi alhali kowa ya gama ba Vikings kofin tun kafin a fara. Dukkansu suna Hall of Fame, gidan karrama gwarzayen wasan da ke Canton. In za ni zaɓi ɗaya cikinsu Bell zan ɗauka.

Dattijo58:

Madalla da 'yata, kin faɗi abin da na bari. JanRiga ban ƙi Mahomes a lamba ɗaya ba, gani ya kori ji, abin da yaron nan ya yi a idona ya yi shi. Amma a kan Gonzalez ba ka yi masa adalci ba. Laifin rashin cin wasan sili ɗaya ƙwale ba nasa ba ne, kulob ɗin gaba ɗaya ne bai ci ba daga Janairun 1994 zamanin Joe Montana har zuwa Janairun 2016. A Janairun 2004 sun zura wa Indianapolis maki 31 a Arrowhead amma aka fitar da su 38 da 31 don masu tsaron bayansu sun kasa tsayar da kwatabak ɗin Indianapolis Peyton Manning ko sau ɗaya, to me Gonzalez zai yi a nan? Ya kama ƙwallo 916 a rigar Chiefs da kwatabak kala-kala, wasu ma ba za ka tuna sunansu ba, kuma a zamanin da ake barin mai tsaro ya rafke ka a tsakiyar fili babu alƙalin da zai jefa tutar laifi. Ɗan ƙwallon kwando ne a jami'ar California, shi ya sa yake sa jiki ya kare mai tsaro ya ɗauki ƙwallo a sama, kuma shi ya nuna wa NFL cewa wannan gurbin zai iya zama babban makamin kulob. Kelce ya zo ya tarar da koci Andy Reid a kan benci daga 2013 sannan aka kawo masa Mahomes. Ban ce bai fi ba, a manyan wasanni kam ya fi, amma a ba Gonzalez su biyun nan mu ga.

Haka Jamaal Charles, duk ɗaukar ƙwallo sai ya yi yadi 5.4 a matsakaici, shi ne kan gaba a gudu a tarihin kulob ɗin da yadi 7,260, ya bar Kansas City shekarar da aka ɗauko Mahomes. Wannan yana min ciwo har yau.

SabonMaiKallo:

Allah ya saka da alheri Baba, Yaya UwarKatanga da JanRiga na gode ƙwarai. Daren jiya na nemo wasan Seattle na 1990 na kalla, na san yadda zai ƙare amma da Krieg ya zame daga hannun Thomas sai da na dafe kai. Yanzu dai na rubuta Mahomes, Thomas, Kelce, Shields, gurbi na biyar ne na kasa cikewa tsakanin Gonzalez da Dawson da Bell, don Dawson da Bell ban taɓa ganin wasansu ba. Yaya, in zan fara da Bobby Bell wane wasa zan nema, Super Bowl ɗin Vikings ko na farkon da Green Bay suka ci su 35 da 10?