Neman kalma: "bilge" da ƙofar da ake huda masa

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. Ina fassara wani bidiyo na gyaran jirgin ruwa, gobe da azahar zan miƙa. Wani Ba'amurke ne da ƙaramin jirginsa mai tafiya da iska, samfurin Sunfish. Jirgin faiba ne, an haɗe samansa da ƙasansa ruf, a tsakani akwai sarari da aka sa wa soso don kada ya nutse. Ruwa na sulalewa ciki, soson ya sha, jirgin da nauyinsa bai wuce kilo 54 ba sai ya gagari mutum biyu ɗauka. Shi ne ya yanka da'ira mai inci 6 a saman, ya shafa gam, ya ɗaure zobe da sukurori, ya murɗa murfi mai bakin roba. Kalma biyu nake nema: wurin da ruwan ke taruwa (wato "bilge" da Turanci), da ƙofar da ya yanka.

Ɗan Yawuri: Wa alaikumus salam Hajiya. Mu dai cikin jirgi muke cewa. Ruwa ya taru a cikin jirgi, yaro ya ɗauki ƙwarya ya kwarfe.

Mai Fassara: Na gode Yaya, amma naku a buɗe yake. Wannan shi ma yana da wurin sa ƙafa, wanda shi ne cikin jirgin. Idan na kira duka biyun da suna ɗaya, mai kallo zai ɗauka ƙarƙashin ƙafarsa mutumin ya huda.

Baƙon Damagaram: Kwarmin jirgi fa? Kamar kwarmin ido. Mu nan masu boko "kal" suke cewa, daga Faransanci.

Malamin Nahawu: Kal ɗin nan a bar muku ita. Ga ƙofar kuwa, na gama muku aiki: maleƙa. Ma- a gaba, -a a baya, sunan wuri, kamar mashaya da mahauta. Na jima ina koya wa ɗalibaina ita a madadin taga.

Ɗan Yawuri: Allah gafarta Malam, ba leƙe kaɗai ake yi ba. Hajiya, ba hannu yake sawa ba?

Mai Fassara: Har kafaɗa. Yana tsane ruwan da tsumma, daga baya ya kafa 'yar fanka a bakin ramin, ta yi makonni tana busar da soson.

Ɗan Yawuri: To mazura ke nan, tunda zura hannu ake yi 😂

Malamin Nahawu: Wasa kuka mai da abin. Haka muka zauna har aka cika mana baki da sukurudireba da kafireto. Wanda bai ƙirƙiri kalma ba sai ya yi ta bara a ƙofar Bature.

Direban Tanka: Ranka ya daɗe, kafireton me ta yi maka? Shekara 20 ina faɗinta, babu bakaniken da ya taɓa ce min bai gane ba. Ni a ce bilij a huta.

Malamin Nahawu: Bilij! Inna lillahi. Daidaitacciyar Hausa ba a tasha ake yin ta ba.

Ɗan Yawuri: Ba a Kano kuma za a raɗa wa jirgi suna ba, Malam. In ban da Tiga da Challawa wane ruwa gare ku? Ku tambayi Sarkawa, su suka gaji abin.

Malamin Nahawu: Ni ban ce daga Kano nake ba.

Baƙon Damagaram: Ku dai kullum rigimarku Kano da Sakkwato, mu kamar ba Hausa muke yi ba. Na kawo kwarmi tun ɗazu, ko wanda ya tanka.

Mai Fassara: Yi haƙuri ɗan'uwa, na gani, kuma ita zan ɗauka. Na gwada a jimla: "Ruwa ya kwanta a kwarmin jirgin." Ta zauna daram. Ƙofar ce dai har yanzu. Na karanta wa maigidana "ya buɗe maleƙa", sai ya ce wa ake leƙe? Zan sa "ƙofar kwarmi" a karon farko, sauran wuraren in ce murfi kawai, tunda ga hoton ana gani.

Direban Tanka: Bilij ta fi gajarta, amma shi ke nan.

Malamin Nahawu: Kwarmi babu laifi. Ƙofa kuwa abin da mutum ke shiga ne, inci 6 ko kai ba zai wuce ba. Ki sa maleƙa ko sau ɗaya ne, kunne ya fara sabawa.

Mai Fassara: Sau bakwai kalmar ta fito, Malam. Zan duba ta ƙarshen.