Wa ya fara? Rikici kan ɓerayen Oak Ridge

Ɗalibi Mai Haushi: Jama'a ku yi mini alƙalanci. Malamina ya mayar mini da babina cike da jan biro don na rubuta cewa sinadari ya fi hasken eksire sauya ƙwayoyin gadon ɓera. To ƙarya na yi? A 1979 William Russell, a ɗakin gwaji na Oak Ridge da ke Amurka, ya yi wa mazan ɓeraye allurar wani sinadari mai suna ENU, sauyin da ya bayyana a 'ya'yansu ya kai kusan ninki biyar na abin da eksire ke yi. Shi ne ma ya fara nuna cewa sinadari na taɓa gado.

Anti Likita: "Ya fara"? Ƙanena gyara zancenka. Charlotte Auerbach ta nuna haka da iskar mustad mai guba a Edinbura da ke Scotland tun a shekarun 1940. Kullum haka kuke yi, mace ta yi aiki, namiji ya kwashi suna.

Mai Ƙwaƙwa: Anti, ita a ƙananan ƙudaje ta yi gwajinta. Ƙuda daban, ɓera daban.

Anti Likita: Ya ce "ya fara", bai ce "a ɓera" ba. Koma ka karanta. Kuma ko a Oak Ridge ɗin, ina kuka bar matarsa Liane Russell, wadda ita ma masaniyar ƙwayoyin gado ce a can?

Mai Ƙwaƙwa: Yanzu kuma mun koma shari'ar mata da maza ke nan.

Malam Na Gefe: In dai farawa ce, ai Hermann Muller ne ya fara sauya ƙwayoyin gado a gwaji a 1927.

Anti Likita: Malam, da girmanka, Muller eksire ya yi amfani da shi, ba sinadari ba.

Ɗan Lab: Ku bari in faɗi yadda gwajin yake. Allurar na sa namijin ya daina haihuwa na wasu makonni, sannan ya farfaɗo. Sai a haɗa shi da matan ɓerayen da ke ɗauke da ɓoyayyun siffofi bakwai. In ɗa ya fito da wani launin gashi ko gajeren kunne, an san sinadarin ya taɓa ƙwayar da ke samar da maniyyi. Da ENU ɗin ne aka gano ƙwayar gadon Clock, mai daidaita lokacin barci da farkawa, a 1994.

Mai Ƙwaƙwa: Wa ya tambaye ka lacca?

Ɗan Lab: Kai da ba ka taɓa riƙe ɓera ta wutsiya ba, me ka sani?

Ɗalibi Mai Haushi: Don Allah maganar babina fa?

Shugabar Zaure: Na rufe. Abin da aka tsayar: Auerbach ce ta fara, kamar yadda Anti ta bayyana da hujja. Mai Ƙwaƙwa bai kawo komai ba sai gardama. Ɗalibi, ka koma ka ba malaminka haƙuri.