Muhawara: Wayar da ake kwancewa ko wadda aka liƙe da gam?

Mai gyaran waya: Jama'a, ina nan a kan bakana. Duk kamfanin da ya liƙe batir da gam kada ya zo yana mana maganar kare muhalli. Waya batirinta kaɗai ya mutu, amma sai na hura mata zafi, na zura siririn ƙarfe ina ɗaga murfin baya a hankali, gabana na faɗuwa kada gilashin ya tsage. In ya tsage kuɗin gyara ya ninka, mai ita ya ce a bari kawai, ya sayi sabuwa. Lafiyayyar waya ta tafi bola ke nan.

Injiniya: Malam, gam ɗin nan ba mugunta ba ce. Shi ke tare ruwa da ƙura, kuma wayar da ta faɗa ruwa ta tsira ita ma ta yi tsawon rai. A bar su su liƙe, a ƙarfafa tattara tsofaffi ana ciro tagulla da zinaren da ke ciki.

Malamar kimiyya: Injiniya, wa ke tattarawar? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2022 an tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kashi 22 cikin ɗari kacal aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. Sannan mafi yawan hayaƙin da waya ke jawowa a wajen haƙo ma'adinai da ƙera ta yake fita, ba wajen caji ba. Kafin ta iso hannunka an riga an yi ɓarnar. Abin da ya rage shi ne ta daɗe tana aiki. Shi ya sa a 2021 Faransa ta tilasta a riƙa nuna makin sauƙin gyara, a kan 10, kusa da farashi.

Ɗalibi: Akwai wayar Fairphone ta ƙasar Holan. Batirinta ba a liƙe yake da gam ba, gilashi da kyamara kuma ƙaramin sukudireba ya isa.

Injiniya: Ƙanena, ka duba kuɗinta? Talaka ba zai kai ba. Kuma ko batir sabo ne, in manhaja ta daina samun sabuntawa, bankinka ya ƙi buɗuwa, dole ka ajiye ta. Alƙawarin sabunta manhaja na shekara 7 da Google da Samsung suka yi wa manyan wayoyinsu ya fi sukudireba amfani.

Malamar kimiyya: To wane batir ne zai kai shekara 7 ba a canza shi ba? Ka ga ka dawo layinmu.

Mai gyaran waya: Allah ya biya ki, Malama. Dokar Tarayyar Turai kan batir mai ciruwa za ta fara aiki a 2027. Damuwata ita ce ƙananan wayoyin da ake jibge mana a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, waɗanda yawancin mutanenmu ke saya. Su ma za a gyara ƙirarsu, ko mu za a ci gaba da turo wa masu gam?